Kibod Mai Tsada ko Hannun Gwani? Tambayoyi da Amsoshi Kan Aranja

Muhawara ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu kaɗa kibod. Wani ya ce duk daɗin da ka ji, kayan ne suka yi shi. Wani ya ce ba wa gwani kibod ɗin yara ma, sai ya tayar da mutane tsaye. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, musamman game da irin kibod ɗin da ake kira aranja.

Da farko, mene ne aranja, kuma me ya raba shi da sauran kibod?

Aranja kibod ne da aka cusa wa ƙungiyar makaɗa a ciki. Madannansa sun kasu gida biyu. Ɓangaren hagu yana sauraron kod ɗin da ka danna, wato sautuka uku ko fiye da ake haɗawa lokaci guda. Ɓangaren dama kuma a nan kake kaɗa karin waƙar. Da ka danna kod, sai ganga da bes da jita da sauran kayan kiɗa su bi shi, bisa wani tsari da aka riga aka shirya, wanda ake kira salo. A manyan kayan Yamaha da Korg, salo ɗaya yana da layuka har takwas, kowane layi da kayan kiɗansa. Yana da mabuɗi, yana da jiki iri huɗu daga mai sanyi zuwa mai zafi, yana da ɗan juyin ganga da ake sakawa idan za a tashi daga baiti zuwa amshi, sannan yana da rufewa.

Dabarar ta samo asali ne daga ogan na gida na shekarun 1960 da 1970, waɗanda aka fara haɗa wa injin ganga da bes mai bin hannun hagu. Daga 1980, lokacin da Casio ya fito da Casiotone, Yamaha kuma ya fito da PortaSound, ƙananan kibod masu saukin ɗauka suka cika gidaje. Fiyano na dijital an yi shi ne don ya kwaikwayi fiyano na gaske, sintesaiza kuma don ƙera sauti. Aranja shi an yi shi ne don mutum ɗaya ya tsaya a madadin mutum biyar ko shida, kai tsaye, a gaban jama'a.

To a taƙaice, wanne ya fi muhimmanci, kayan ko makaɗin?

Makaɗin. Ba ma kusa ba.

Amma akwai dalilin da ya sa gardamar ta fi zafi a kan aranja fiye da a kan jita ko sarewa. Ka miƙa wa wanda bai iya ba jita mafi tsada a duniya, abin da zai fito ba zai sauraru ba, kowa kuma zai gane nan take. Ka zaunar da shi gaban babban aranja, ya danna maɓallin mabuɗi ya ɗora yatsa ɗaya a hagu, sai ka ji kiɗa cikakke kamar daga situdiyo. Na daƙiƙa ashirin ko talatin babu wanda zai bambanta shi da gwani, domin ba shi ke kiɗan ba, ƙwararrun da kamfani ya ɗauka suka shirya salon su ke yi. Asirinsa yana tonuwa ne daga inda mabuɗin ya ƙare, aka zo wurin da dole mutum ya canza kod a kan lokaci, ya ɗora kari, ya san lokacin ɗaga kiɗa da lokacin sauke shi.

Saboda haka rabon aikin a bayyane yake. Kayan su ke yanke yadda sauti zai kasance, ko zai yi kauri, ko zai yi tsabta, ko zai yi kama da na gaske. Makaɗi shi ke yanke ko abin da ya fito waƙa ce ko hayaniya mai tsabta.

Idan na'ura ce ke kaɗa ganga da bes, wace ƙwarewa kuma ta rage wa mutum?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma masu raina aranja a nan suke kuskure. Ƙwarewar tana nan, sai dai ba irin ta mai fiyano ba ce. Akwai gwanayen fiyano da idan suka zauna gaban aranja a karon farko sai su rikice.

Abu na farko lokacin hannun hagu. Ana shirya salo ne a kan kod guda ɗaya. A kayan Yamaha galibi a kan kod ɗin da ake kira CM7 ake rubuta shi. Duk lokacin da ka danna wani kod, injin yana lissafi nan take ya mayar da kowane sauti na bes da jita da sauransu zuwa sabon kod ɗin. Injin ba ya duba, bai san inda za ka nufa ba sai ka gaya masa. Idan ka makara ko da ƙiftawar ido, bes ya riga ya buga sautin tsohon kod a bugun farko, sannan ya yi tsalle ya koma sabon. Wannan ɗan tuntuɓen shi ne babbar alamar wanda bai goge ba, kuma yana fitowa a Genos, babban aranjan Yamaha, kamar yadda yake fitowa a ƙaramin kibod ɗinsa na jerin PSR. Wanda ya san aikin yakan sauke hannun hagu kaɗan kafin bugun, kaɗan ƙwarai, har ya zama jiki.

Na biyu, yadda ake riƙe kod. Wurin hannun hagu ƙunci gare shi, domin a kayan Yamaha iyakar da ta raba hagu da dama tana kan madannin da ake kira F#2 idan ba ka matsar da ita ba. Wanda bai san juya kod ba zai yi ta tsalle da hannu daga wannan gefe zuwa wancan, yana makara. Wanda ya sani zai tashi daga C zuwa F zuwa G da motsa yatsu biyu kawai, idonsa na kan jama'a.

Na uku, maɓallai. Mai aranja yana kaɗa maɓallai kamar yadda yake kaɗa madannai. Juyin ganga yana da lokacinsa: ka danna shi a farkon gaɓa ka samu cikakken juyi, ka danna a ƙarshe ka samu ɗan guntu, ka makara ya faɗa cikin amshi ya ɓata shiga. Duk wannan da hannun da ke riƙe da kod ko wanda ke kaɗa kari za a yi shi, ba tare da kiɗa ya tsinke ba. Shi ya sa ƙwararru ke amfani da feda, suna kuma adana saitin kowace waƙa a ma'ajiyar da Yamaha ke kira Registration Memory, Korg kuma yana da SongBook.

Na huɗu, kuma wanda ya fi wuyar koyarwa, shi ne sanin abin da za a cire. Mai koyo yana fara waƙa da jiki na huɗu, duk layuka takwas a buɗe, ƙaho na busa, goge na kuka, daga farko har ƙarshe. Waƙar ba ta da inda za ta je, domin tun daga ƙofa an kai ta ƙololuwa. Gwani yakan fara da bes da ɗan ƙaramin bugu kawai, ya kashe layuka uku ko huɗu, ya bar wa mawaƙi fili, sai a amshi na biyu ya saki sauran. Babu kuɗin da ke sayen wannan.

Me ya sa saksofon na kibod ɗina ba ya yin daɗi kamar wanda nake ji a bidiyon talla, alhali kaya iri ɗaya ne?

Domin mai tallan yana kaɗa shi kamar mai busa, kai kuma wataƙila kana kaɗa shi kamar mai fiyano.

Mai busa saksofon yana numfashi. Ba zai iya jan jimla ta tsawon minti ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, ba uku ba. Yana da iyakar ƙasa da iyakar sama da kayan ba sa wucewa. Yakan shiga sauti da ɗan lanƙwasa, ya bar shi ya yi rawa a ƙarshe. Idan ka danna kod mai sauti huɗu da muryar saksofon a can ƙasan kibod, kunnen mai sauraro zai ƙi shi ko da bai san dalili ba. Haka jita: tsirkiya shida gare ta, kuma yadda sautukan kod ke jeruwa a kanta ya bambanta da yadda suke jeruwa a ƙarƙashin yatsun mai fiyano.

Kamfanoni sun yi ƙoƙari a nan. Yamaha ya kawo muryoyin Super Articulation a babban aranjansa Tyros2 a 2005, waɗanda ke lura da yadda ka haɗa sauti da sauti su ƙara zamiyar yatsa a kan tsirkiya ko shaƙar numfashi da kansu. Korg yana da nasa tsarin mai suna DNC. Amma su ma sai an san yadda ake tsokano su. Wanda ke ɗaga yatsa tsakanin kowane sauti ba zai taɓa jin zamiyar ba, ko da ya biya kuɗinta. Maganin ba ya cikin littafin kibod. Ka zauna ka saurari masu busa na gaske, ka lura da inda suke shan iska.

Kar kuma a manta cewa bidiyon talla ƙwararru ne ke yin sa, an ɗauki sautin kai tsaye daga kayan ba ta makirfon waya ba, kuma an zaɓi salon da ya fi fito da kyan kayan.

Ke nan tsadar manyan aranja banza ce? Me kuɗin yake saya?

Ba banza ba ce, kuma wanda ya ce babu bambanci tsakanin ƙarami da babba bai saurara da kyau ba. Ga abin da ake biya.

Sauti. Muryoyin kibod na zamani daga ɗaukar kayan kiɗa na gaske ake yin su. A ƙaramin kibod akan ɗauki sautuka kaɗan a miƙe su su rufe dukkan madannai. A babba akan ɗauki kayan a matakan ƙarfi daban-daban, ta yadda bugu a hankali da bugu da ƙarfi ba ƙara kawai ke raba su ba, har launin sautin. An fi jin wannan a ganga da jita. Tun Tyros na farko a 2002 Yamaha ke amfani da muryoyin MegaVoice a cikin salo, inda murya ɗaya ke ɗauke da karce da danne tsirkiya da ƙarar yatsa. Kamfanin Ketron ya bi wata hanya, yana saka ainihin ɗaukar makaɗan ganga da jita a cikin salonsa.

Madannai. Wannan mutane ba su cika kula da shi ba, alhali shi ne inda jikinka ke haɗuwa da kayan. Manyan kaya irin su Genos da Pa5X na Korg suna jin ƙarin dannawa bayan ka riga ka sauke yatsa, sai ka iya sa murya ta yi rawa ko ta ƙara ƙarfi ba tare da ka ɗaga ɗayan hannun ba. Genos madannai 76 gare shi, Pa5X kuma ana samun sa da 61 ko 76 ko 88.

Sauƙin aiki a gaban jama'a. Allon taɓawa, sandunan daidaita ƙarar kowane layi, wurin saka makirfo da na'urar da ke ƙara wa muryar mawaƙi 'yan amshi, mafitar sauti fiye da biyu domin a raba bes ko ganga zuwa wani layi na daban. Ga wanda kiɗa ne sana'arsa, yana tsaye awa uku ko huɗu, waɗannan ba ƙawa ba ne.

Wurin ƙara muryoyi. A kayan Yamaha, PSR-SX600 yana da wurin da ya kai megabait 100, SX900 kuma gigabait 1. Wanda ke buƙatar muryoyin kayan kiɗan da kamfani bai saka ba ya san darajar wannan tazara.

Sai dai ka duba jerin nan da kyau. Kowane abu a cikinsa ƙofa ce da sai mai iyawa zai shiga. Doki mai gudu yana ƙara wa mahayi nisa, wanda bai iya zama a sirdi ba kuwa sai dai ya ƙara masa nisan faɗuwa. Madannai masu jin taɓawa sosai suna fito da rashin daidaiton yatsun mai koyo fiye da yadda ƙaramin kibod zai yi.

Ana yawan maganar adadin sautukan da kibod ke iya fitarwa lokaci guda. Yana da muhimmanci?

A aranja, e, fiye da a fiyano. PSR-E373 yana iya fitar da 48, SX900 yana da 128, Genos na 2017 yana da 256, Pa5X yana da 160. Mutum zai ce yatsu goma gare ni, ina ni ina 48? Amma salo yana cin nasa kason, murya biyu da aka ɗora kan juna suna cin ninki, feda mai riƙe sauti tana tara waɗanda ka riga ka saki. Idan adadin ya cika, sai injin ya fara yanke tsofaffin sautuka. In kana jin goge na ɓacewa a tsakiyar amshi duk lokacin da ka taka feda, wannan laifin kayan ne na gaskiya. Daga 128 zuwa sama kuwa da wuya ka ci karo da matsalar.

Mai koyo da ke da hali, ya fara da babban kibod kawai?

Ba zai cutar da shi ba idan yana da horon kansa, amma galibi ba haka ake yi ba. Babban aranja yana da muryoyi fiye da dubu da ɗaruruwan salo. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya zauna da niyyar atisaye, ya ƙare awa biyu yana sauraron mabuɗi bayan mabuɗi, ya tashi yana jin ya yi kiɗa alhali yatsunsa ba su koyi komai ba.

Akwai dai ƙasan da bai kamata a sauka ba. Kibod ya zama mai madannai 61 masu cikakken girma, ya zama yana jin ƙarfin taɓawa, ya kuma kasance da wurin saka feda. Jin taɓawa shi ne sharaɗin da ba a sassautawa. Wasu ƙananan kaya, kamar PSR-E273, ba su da shi: ka danna a hankali ko da ƙarfi, ƙara ɗaya za ka ji. Wanda ya koya a kan irin wannan zai taso da hannu mai magana da murya ɗaya, kuma gyaran hakan daga baya ya fi koyon farko wuya. A wannan gaɓar kam, ingancin kaya yana shafar ƙwarewar kanta.

Tsarin danna kod da yatsa ɗaya fa, laifi ne?

Ba laifi ba ne a makon farko. Matsalarsa biyu. Ɗaya, ba ya koya maka komai game da kiɗa, kuma kowane kamfani da nasa. A Yamaha, idan kana son kod maino sai ka danna tushen tare da baƙin madanni na hagunsa. A Casio sai ka ƙara madanni a damansa. Ka canza kaya, ilminka ya tashi a banza. Biyu, nau'in kod huɗu kawai yake ba ka, alhali injin yana gane iri fiye da talatin idan ka danna su cikakku. Yawancin zaƙin da ake ji a hannun gwanaye daga waɗannan sauran yake fitowa, da kuma tsarin da ke barin ka zaɓi sautin da bes zai tsaya a kai, ta yadda zai riƙa sauka mataki-mataki maimakon tsalle. Salo ɗaya, kibod ɗaya, amma wanda ya san kod sai ka rantse wani kayan ne daban.

Ni a matakin C kawai na iya kiɗa, sauran sai in yi amfani da maɓallin Transpose, mai ɗaga ko sauke matakin kiɗa. Akwai aibu?

Masu sauraro ba za su sani ba, kuma ƙwararru ma suna taɓa shi idan mawaƙi ya zo da muryar da ta dushe ya ce a sauke masa rabin mataki. Aibun yana zuwa ne ranar da waƙa ta canza mataki a tsakiya, ko mawaƙi ya fara ba tare da ya jira ka ba, ko aka ce ka yi kiɗa da mai jita ya tambaye ka wane kod kake kai. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: wanda ke kaɗa komai a wuri ɗaya, yatsunsa hanya ɗaya suka sani, don haka duk waƙoƙinsa sukan fito da kwalliya iri ɗaya. Ka ƙara G da F, sannan D da B♭, ɗaya bayan ɗaya.

Masu sauraro suna gane bambancin kibod mai tsada da mai araha?

Kaɗan daga cikinsu, kuma ba kamar yadda makaɗa ke zato ba. Abin da jama'a ke ganewa nan take shi ne kiɗan da ya fita daga lokaci, kod da bai dace da waƙa ba, ƙarar da ta danne mawaƙi, da dogon shiru tsakanin waƙa da waƙa yayin da makaɗi ke laluben maɓalli.

Sannan sauti ba daga kibod yake zuwa kunne kai tsaye ba, sai ya bi ta lasifika da ɗaki. Genos da Pa5X ba su ma da lasifika a jikinsu. Babban aranja a kan lasifika mara kyau, a ɗaki mai amsa kuwwa, zai yi ƙasa da matsakaicin kibod a kan lasifika mai kyau da aka daidaita. Wanda ke da matsakaicin kaya kuma yana jin sautinsa bai gamsar ba, ya fara duba nan. Ya kuma rage amsa-kuwwar da kamfani ya saka a muryoyi, domin an saita ta ne don ta yi daɗi a ƙaramin ɗaki ko a abin saƙalawa a kunne, a babban zaure kuwa sai ta haɗu da ta ɗakin komai ya cakuɗe.

Yamaha ko Korg, wanne ya fi?

Duk wanda hannunka ya saba da shi. Masu amfani da su sukan ce salon Yamaha ya fi gogewa, kamar waƙar da aka gama tacewa, kuma ya fi yafe wa mai kuskure, na Korg kuma ya fi kama da makaɗa a kan dandali, ya kuma fi ba da damar kutsawa ciki a gyara. Magana ce ta ɗanɗano. Wani abin sha'awa a gefe: duk da Korg kamfanin Japan ne, a Italiya ake tsara jerin Pa, a garin Osimo kusa da Ankona, yankin da Ketron ma yake, wanda tun da can ya shahara da ƙera akodiyon.

Sauya kamfani yana da farashin da ba a rubuta a takarda ba. Duk saitin da ka tara, da salon da ka gyara, da sanin inda kowane maɓalli yake ba tare da ka duba ba, sai ka faro daga tushe.

Tsohon babban kibod ko sabon matsakaici?

Fasahar manya tana gangarowa ƙasa da shekaru. Tsarin allon taɓawa na Genos ya bayyana a SX700 da SX900 a 2019, shekara biyu bayan fitowarsa. Don haka sabon matsakaici yakan zo da abubuwan da a da sai babba. Tsohon babba kuma, irin Tyros5 na 2013 ko Pa4X na 2015, yakan fi shi madannai da ƙarfin jiki da yawan mafitar sauti. Idan za ka sayi na hannu, ka danna kowane madanni a hankali sannan da ƙarfi, domin robar da ke ƙarƙashinsu tana lalacewa, sai ka ji wani ya yi shiru ko ya yi tsawa shi kaɗai. Ka gwada maɓallan juyin ganga da na jikin salo, su suka fi shan wahala. Ka kuma tabbata ana samun kayan gyaransa. Technics, alal misali, ya daina ƙera kibod tun 2004, duk da har yanzu akwai masu riƙe da jerin KN ɗinsa suna kiɗa mai kyau da su.

Akwai inda kayan ne kawai za su iya, ƙwarewa ba za ta wadatar ba?

Akwai. Kiɗan Larabawa da na Turkiyya da na Farisa yana amfani da sautukan da ke faɗawa tsakanin madanni da madanni. An yi wasu kaya musamman dominsa, kamar PSR-A5000 da nau'in Pa na gabas, masu maɓallan da ke sauke sautin da ka zaɓa nan take a tsakiyar kiɗa. Mai kaɗa maƙam, wato tsarin kari na irin wannan kiɗa, a kan kibod da ba ya barin a gyara sautinsa, komai gwanintarsa, hannunsa a ɗaure yake.

Haka batun salo. Idan irin kiɗan da kake yi ba ya cikin waɗanda kamfani ya saka, kana buƙatar kibod da zai bar ka ka ƙirƙiri naka salon ko ka loda na wasu, ka kuma saka muryoyin gangunan da kake so. Ƙananan kaya da yawa suna karɓar salo daga waje amma ba sa barin ka gina shi a kansu. Sai dai gina salo shi ma wata ƙwarewa ce mai zaman kanta: dole ka san abin da mai ganga ke yi, da abin da mai bes ke yi, da yadda suke barin wa juna wuri.

Masu kunna waƙar da aka riga aka shirya suna motsa hannu a kai fa?

Aranja na iya kunna fayil na MIDI, wato umarnin kiɗa da aka adana domin kibod ya kaɗa da kansa, manyan kuma har da MP3. Yin amfani da su ba abin kunya ba ne idan kana kaɗa wani abu na gaske a kai. Abin da ka rasa shi ne dalilin da ya sa aka ƙera aranja tun farko, wato 'yanci. Da salo, in mawaƙi ya maimaita amshi ka bi shi, in jama'a sun ɗauki zafi ka tsawaita, in an ce a tsaya ka rufe a gaɓa ta gaba. Fayil ba ya jiran kowa. Akwai hanya ta tsakiya: Chord Looper a Yamaha da Chord Sequencer a Korg suna riƙe jerin kod da ka danna su yi ta maimaitawa, hannunka na hagu ya samu sarari na ɗan lokaci, kuma kana iya karɓe ragama duk sanda ka so.

Ta yaya zan gane ko ni ne matsalar ko kibod ɗina?

Ka ɗauki kiɗanka ka saurara washegari, ba a ranar ba. Yawancin aranja suna da wurin ɗauka a jikinsu. Kunne yana jin abin da bai ji ba lokacin da hannu ke aiki.

Sannan ka kashe duk layukan salo ka bar ganga da bes kawai, ka zaɓi muryar fiyano a dama, ka kaɗa waƙar da ka fi iyawa. Idan ta tsaya da ƙafarta a haka, hannunka ya yi. Idan ta zube, kayan ado ne ke riƙe da ita, kuma sabon kibod ƙarin ado kawai zai kawo.

In da hali, ka ba wanda ya fi ka kibod ɗinka ya kaɗa minti biyar, kai kuma ka koma gefe. Abin da ka ji ya fito shi ne ainihin iyakar kayanka.

Gwaji na ƙarshe shi ne ka faɗi abin da kake nema da baki, a jimla ɗaya. "Sautuka suna yankewa idan na taka feda." "Ina buƙatar makirfo da 'yan amshi." "Babu wurin saka muryoyin da aikina ke buƙata." "Madannai 61 sun yi mini kaɗan idan na raba su." Duk wanda ke da irin wannan jimla ya kai lokacin canza kaya, kuma jimlar ce za ta nuna masa wanda zai saya. Wanda amsarsa ita ce "ina so dai ya fi daɗi", ya ba kansa wata uku yana atisayen canza kod a kan lokaci da ganga da bes kawai, ya sake ɗaukar waƙar nan, ya kwatanta da ta farko kafin ya taɓa aljihu.